GANSAKUKA: RENONTA DA KIWONTA A LAMBUNAN JAPAN



1.0 Gabatarwa

Mai yiwuwa ne wani ya tambaya, me ya haɗa malamin Hausa da zancen tsiro? Amsar ita ce, kalma ce ta kawo ni. Idan Bahaushe ya ce gansakuka, yawanci yana nufin koren yauƙin nan da ke kwanciya a kan ruwan kududdufi, ko kuwa koren da ke fitowa a bakin rijiya da gindin randa da jikin katanga a tsakiyar damina. A wurinmu alama ce ta ƙazanta da sakaci, abin da a ke kankarewa. Amma akwai ƙasar da a ke shuka wannan abu da gangan, a yi masa shara, a hana mutane taka shi, har a yi tattaki daga nesa don kallonsa. Wannan ƙasa ita ce Japan. Zan yi bayanin ko mece ce gansakuka, sa'an nan tarihin lambunta mafi shahara, sai yadda a ke renonta, daga ƙarshe abin da ya shafe mu.

2.0 Mece ce Gansakuka?

Wajibi ne mu fara rarrabewa, domin kalmar tamu guda ta tattara abubuwa biyu waɗanda masana tsirrai ba su haɗa su. Na farko shi ne yauƙin da ke cikin ruwa, wanda ba shi da kara ko ganye. Bari mu kira shi gansakukar ruwa. Na biyu kuwa tsiro ne sosai, mai ɗan kara da 'yan ganyaye ƙanana, wanda ke shimfiɗuwa a ƙasa ko a dutse ko a jikin itace kamar darduma. Bari mu kira shi gansakukar tudu. A kan wannan ta biyu jawabina zai tsaya. Akwai irinta kimanin 12,000 a duniya, kuma littafin Bajamushen nan Johann Hedwig, wanda aka buga a 1801, shi ne tushen sunayen da masana ke kiran yawancinsu da su.

Abubuwa uku suka bambanta ta da gero ko dawa. Na ɗaya, ba ta da saiwa ta gaskiya. 'Yan zaruruwan da ke ƙarƙashinta babban aikinsu riƙe ta ne a wuri, ruwa kuwa yawancinsa da jikinta ta ke sha. Na biyu, ganyenta siriri ne ƙwarai, a yawancin iri kaurinsa ƙwayar halitta guda ne tak, saboda haka yadda ya ke saurin shan ruwa haka ya ke saurin bushewa. Na uku, ba ta fure, ba ta ƙwaya. Tana fitar da wani ɗan ƙoƙo a kan siririn tsinke, a cikinsa akwai ƙurar iri wadda iska ke ɗauka. Kafin ma ƙoƙon ya fito, sai ƙwayar namiji ta yi iyo cikin ɗigon ruwa ta iske ta mace. Wato ke nan, in babu laima babu haihuwa. Wannan shi ne dalilin da ya sa ta ke son inuwa da raɓa.

Duk da haka kada a ɗauke ta rarrauna. Iri da yawa kan bushe ƙurmus su yi kamar sun mutu, amma da zarar ruwa ya taɓa su sai su farfaɗo cikin ɗan lokaci.

3.0 Lambun Saihoji

A yammacin birnin Kiyoto, tsohon babban birnin Japan, akwai wani gidan ibada na mabiya addinin Buddha mai suna Saihoji, wanda jama'a suka fi sani da Kokedera, wato gidan ibadar gansakuka. A shekarar 1339 wani babban malaminsu, Muso Soseki, ya sake tsara lambun wurin, da tafki a tsakiya da duwatsu a kan tudu. Abin lura shi ne, ba da gansakuka ya tsara shi ba. Wuta ta ci gidan a lokacin yaƙin Onin na 1467 zuwa 1477, daga baya kuma ambaliya ta sha ɓarnata shi. A ƙarni na 19, sa'ad da masu gidan suka rasa dukiyar da za su ci gaba da gyara, sai gansakuka ta mamaye lambun da kanta. Hikimar waɗanda suka biyo baya ita ce, ba su kankare ta ba. Suka dubi abin da ƙasa ta zaɓa wa kanta, suka shiga kiwonsa. Yau ana ƙidaya iri fiye da 120 a wurin.

Shahara kuwa ta zo da nata nauyin. Maziyarta suka yi yawa har abin ya zama barazana ga lambun da maƙwabta, saboda haka tun daga 1977 ba a shiga sai an nemi izini tun da wuri. A 1994 hukumar UNESCO ta sa Saihoji cikin wuraren tarihi na Kiyoto da ta lissafa a matsayin gadon duniya. Bugu da ƙari, a gidan ibada na Tofukuji akwai lambun da Shigemori Mirei ya tsara a 1939, inda ya jera duwatsu masu kusurwa huɗu a cikin gansakuka kamar gidajen dara.

Me ya sa abin ya yiwu a Kiyoto? Birnin yana cikin kwari, tsaunuka sun kewaye shi ta gefe uku, yana samun ruwan sama kimanin milimita 1,500 a shekara, kuma babu watan da ba a samun ruwa. Daga Yuni zuwa tsakiyar Yuli akwai lokacin yayyafi da laima wanda su ke kira tsuyu, kuma a lokacin ne lambunan suka fi kyau.

4.0 Yadda A Ke Renonta

Matakin farko shi ne zaɓen wuri da iri. Ba duhu ta ke so ba, domin ita ma da hasken rana ta ke haɗa abincinta. Abin da ta fi so shi ne inuwa mai ratsin haske, irin ta ƙarƙashin itace mara cunkushewar ganye, inda ranar safe ke taɓawa amma ta tsaka ba ta kaiwa, kuma iska ba ta kaɗawa da ƙarfi. Irin da Japanawa ke kira sugigoke, mai tsayuwa kamar 'yan itatuwa, yana jure haske fiye da wasu. Haigoke kuwa rarrafe ya ke yi a ƙasa. Mai lambu na gari kan fara duba irin da ya riga ya fito da kansa a kewayen, domin shi ne zai zauna.

Mataki na biyu shi ne gyaran ƙasa. A cire ciyawa har saiwa, a daidaita wurin yadda ruwa ba zai kwanta ba, sa'an nan a danne ƙasar ta yi ƙarfi. A nan manomi zai yi mamaki: ba a huɗa, kuma ba a zuba taki. Taki yana ƙona ta, yana kuma ƙarfafa ciyawar da za ta danne ta. Yawancin irin da a ke shukawa a lambu sun fi son ƙasa mai ɗan tsami, don haka toka da kanwa abokan gabarsu ne.

Mataki na uku shi ne shuka, kuma hanyoyi uku ne. Ana iya kawo ta falle-falle a shimfiɗa, a danna sosai don ta manne da ƙasa. Wannan ta fi sauri, ta kuma fi tsada. Ana iya dasa ta dunƙule-dunƙule da tazara, a bar ta ta haɗe. Ana kuma iya murtsuke ta, a gauraya da ƙasa da yashi, a barbaza, domin kowane ɗan gutsure yana iya zama sabon tsiro. Wannan hanya ta ƙarshe takan ɗauki shekara biyu ko uku kafin wuri ya rufe.

Mataki na huɗu, wanda ba ya ƙarewa, shi ne kiwo. A makonnin farko kada a bari ta bushe. Yayyafi a ke yi mata da sassafe ko da yamma, ba da tsakar rana ba, domin ruwa da zafi in sun haɗu sukan dafa ta. Ruwan sama ya fi na famfo. Ganyen da ke zubowa daga itatuwa sai an share shi da tsintsiyar gora mai laushi, in ba haka ba ya tare haske ta ruɓe. Ciyawa da hannu a ke cire ta, ɗaya bayan ɗaya, a durƙushe. Mutane kuwa a shimfiɗa musu duwatsun takawa. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Wannan aiki na masu haƙuri ne.

5.0 Abin Da Ya Shafe Mu

Ba na kira ga kowa ya je ya shimfiɗa lambun gansakuka a Kano ko Sakkwato. Ruwanmu cikin wata huɗu ko biyar ya ke sauka, sa'an nan hunturu ya zo da busasshiyar iska. Yin haka ɓarnar ruwa ce. Mai sha'awa ya rena ta a cikin kwalba mai faɗin baki da murfi, ya ajiye nesa da rana. Inda ta ke da gida na gaskiya a ƙasar nan shi ne tsaunuka masu hazo, kamar dajin Ngel Nyaki a tsaunin Mambila. A can tana riƙe ruwa kamar soso tana sakinsa sannu a hankali, tana kuma kare ƙasa daga zaizaya. In aka sare dajin, inuwa ta tafi, ita ma ta tafi. Ko a Kiyoto masu lambu suna kukan raguwar hazo da raɓa saboda zafin da gine-gine da sauyin yanayi suka kawo.

6.0 Kammalawa

Ga ma'aikata, darasin Saihoji shi ne a dubi abin da wuri zai iya ɗauka kafin a kashe kuɗin jama'a wajen ƙawata shi, kuma a tanadi kuɗin kiwo tun ranar shuka. Ga ɗalibai kuwa, aikin ya fi kusa. Muddin kalma guda ce ke ɗauke da yauƙin kududdufi da tsiron tsauni, ba za mu iya koyar da ilmin tsirrai da Hausa yadda ya kamata ba. Ku shiga ƙauyuka ku tambayi manoma da masu haƙar rijiya da masu magani sunayen da su ke kiran waɗannan abubuwa, ku rubuta, ku kawo mu tace tare da malaman kimiyya.