KUFAI SHAIDUNMU NE



Maganarmu ta yau a kan kufai ce, watau garuruwan da mutanen dā suka zauna suka tashi. Kowa a nan ya san wani kufai kusa da garinsu. Muna ratsa shi ranar kasuwa, muna kiwo cikinsa, amma ba mu tsayawa mu duba. A lakkol ta zamanin Nasara an koya wa yara sarakunan Faransa ɗaya bayan ɗaya, ba a kai su ko bakin ganuwar da ke bayan gari ba. Har wasu suka ɗauka ƙasarmu ba ta da labari sai da Bature ya zo. To, kufai su ne shaidun da ke ƙaryata wannan zance.

Ga misali. A ƙasar Damagaram akwai Kufan Kanawa, gari mai faɗi da aka kewaye da ganuwar duwatsu. Tsofaffin wurin sun ce daga nan mutanen Kano suka tashi. Wata mai bincike, Anne Haour, ta haƙa wurin, aka gane an zauna cikinsa tsakanin ƙarni na 14 da na 17. Ku yi tunani: hannu nawa ya ɗauki duwatsun nan, kuma wa ya ciyar da masu aikin? Gari marar shugabanci da rumbuna ba ya gina irin wannan.

A ƙasar Dakwaro akwai Birnin Lalle, inda sarakunan Gobir suka zauna kafin Alkalawa. Alkalawa ta faɗi a 1808, daga baya Gobirawa suka kafa Tsibiri. Wanda ya bi waɗannan wurare ya bi sawun Gobir da ƙafarsa.

In muka nufi arewa, kudu da Agadas akwai Maranda. A can an tarar da 'yan tukwanen narkar da tagulla dubbai a cikin ƙasa. Wani marubucin Larabawa, Yakubi, ya ambaci sunan garin tun ƙarni na 9. Haka kuma Azelik, wadda masana suka ce ita ce Takadda, inda Ibn Battuta ya sauka a 1353, ya ba da labarin cinikin tagulla. Ashe fatauci da sana'a ba baƙi ba ne a ƙasar nan.

To, yaya ake ziyarar kufai? Lokacin da ya fi shi ne bayan kaka, an cire amfanin gona, ƙasa ta buɗe. Ku fara sallama wa mai gari da mai gonar. Ku tafi da tsoho wanda ya san sunan wurin, da yara masu littafi da alƙalami. In akwai dutse ko tudu, ku hau tukuna. Daga sama za ku ga dalilin da ya sa mutanen dā suka zaɓi wurin: ana hango ƙurar mahara tun daga nesa, kuma sau da yawa ruwa yana kwanciya a gindin dutse. Sa'an nan ku sauko ku bi ganuwa, kuna ƙidaya taku, kuna neman inda ƙofofi suke. Ku duba tsingaro da irin zanen da ke jikinsa. Ku duba dutsen niƙa, da tsofaffin rijiyoyi, da ramukan marina, da kashin maƙera mai nuna inda aka narka tama. Inda kuka ga kukoki sun taru a fili, ku tambaya, don kuka tana son tsohon mazauni. Abin da tsoho ya faɗa a rubuta, abin da ido ya gani a rubuta dabam.

Amma ga kashedi, kuma shi ne kan magana. Kada a haƙa, kada a ɗauka, kada a sayar. Ƙasa jera kaya take yi, na dā a ƙasa, na baya a bisa. Ɗan gawayin da ke kusa da tukunya shi ake aunawa a san shekarunta. In an raba su, tukunya ta zama kurma. Ku ji abin da ya sami Bura, a ƙasar Tera. An gano wurin a 1975, Bube Gado ya haƙa shi bisa ƙa'ida a 1983, ya fito da tulunan binne gawa masu siffar mutane da mahaya dawaki. Da labari ya bazu, sai dillalai suka shigo, aka farfasa maƙabartu da yawa, kaya suka tsallaka teku. Talaka ya sami kuɗin goro, ƙasa ta yi hasarar da ba ta mayuwa. Tun 1997 akwai dokar da ta hana wannan ta'adi.

Haka nan masu kwasar duwatsun ganuwa don gini, a yi musu magana da lalama. In ruwa ya tono wani abu, a sanar da mai gari, a aika wa Gidan Tarihi na Yamai, wanda aka buɗe tun 1959.

Don haka muna roƙon kowane reshe ya sa rana ɗaya a ranin nan, ya kai yaran garinsa kufai mafi kusa, ya aiko mana da sunan wurin da abin da aka gani. Gani ya kori ji.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Wassalam.