Jawabin Akawun Ƙungiya: 'Ya'yanmu Mata da Aikin Banki da Lauya

Mai girma shugaba, iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, 'yan uwa da kuka taso daga Maradi da Katsina da Ƙonni da Illela, barkanmu da ganin wannan rana.

An ce in yi magana kan 'ya'yanmu mata da aikin banki da na lauya. Ni dai a sakandare na tsaya, amma littafin ƙungiya a hannuna yake, kuma abin da na gani a cikinsa zan faɗa.

Kafin a rufe iyaka a 2023, wata Hajiya a cikinmu ta ba abokin cinikinta na tsallake atamfa bashi. Ba rubutu, ba shaida, amana ce ta shekaru. Kafin a buɗe hanya Allah ya yi masa rasuwa, magada suka ce ba su san zancen ba. Muka je wurin lauya a Katsina, ya ce dokar can ba tasa ba ce. Na Maradi ya nemi takarda, ga shi ba mu da ita. Hajiya kuma nauyi ya hana ta buɗe lissafinta duka a gaban namiji. Kuɗin nan har yau bai dawo ba.

Tun ranar nake tunani, ina ma akwai 'yarmu lauya. Dokar kasuwanci ta Nijeriya asalinta daga Ingila ne. Nijar kuwa tana bin dokar OHADA, wadda ƙasashe 17 suka yi tarayya a kanta, har da Kamaru da Chadi da Benin, duk wuraren da kayanmu ke zuwa. Yarinyar da ta fahimci biyun, ga Hausa, ga Turanci, ga Faransanci, ba za ta yi zaman jiran aiki ba. Mu nan ma mun ishe ta. Hanyar dai tana da tsawo: a Nijeriya shekara biyar ne a jami'a, sai ɗaya a makarantar horar da lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda ta Kano. Idan an yi hutu, ku tura ta wurin gwaggonta a Maradi ta gyara Faransancinta. Wanda ke ganin ba aikin mace ba ne ya tuna da Mai shari'a Aloma Mukhtar, wadda ta zama Alƙaliyar Alƙalan Nijeriya a 2012.

Ta fannin kuɗi kuwa, yaranmu sun riga sun yi nisa ba su sani ba. Wadda ke juya jakar sefa zuwa naira da ka kafin ka ɗauko waya, takardar shaida kawai ta rage mata. Akwai jarrabawar ATS ta ƙungiyar akantoci ICAN, da sakamakon sakandare mai kyau ake shiga, tana rumfa ma tana iya karatunta. Sana'ar POS mafari ce, kada ta tsaya nan. Masu tsoron riba kuma, Jaiz yana aiki ba ruwa tun 2012.

Ke da kika riga kika samu aikin, ƙanwata, kada ki sa hannu a takardar da ba ki karanta ba, ko da shugabanki ne ya miƙo. Lambar sirrinki ta kwamfuta kada ki ba kowa. Kuma mu 'yan uwanki ne za mu fara zuwa neman alfarma, ki iya ce mana a'a cikin ladabi.

Alhazai, in an zo neman aurenta, a yi maganar ƙarasa karatu tun kafin a yanka sadaki. Mai 'ya da ta gama sakandare ya kawo mini sunanta ofis, zan miƙa wa kwamiti a zama mai zuwa.