Kafin Allura Ta Taɓa Girarki

Daga Kawo har Unguwar Sarki, hirar biki yanzu ita ce girar da ake zanawa da allura, wai ba ta gogewa. To, hukuncinta na bar wa malamai, ni lafiyarki nake ji.

In kina da ciwon suga, rauni ba ya saurin warkewa a jikinki. In kina shan warfarin ko asfirin, jini zai yi ta zuba, kuma kul ki daina maganin saboda kwalliya. Mai juna biyu ta haƙura. Ke kuwa da hujin kunne ya taɓa yi wa tsiro, 'yar'uwa, haka girar ma za ta iya yi, a tsakiyar fuska!

Ki gaya wa maigida, ku je Asibitin Barau Dikko likita ya duba ki tukuna.