RUBUTACCEN SHIRIN WANNAN MAKON: Alƙalai uku, malami ɗaya

 Yau hirar tamu a kan ƙirƙirarriyar basira ce, wato AI, da wata sabuwar ɗabi'a da masu haɗa manhaja suka shigo da ita. Ni ba injiniya ba ne, kun sani, harkar matasa nake yi. Amma abin ya faru a gabana, ya kuma kusa jawo mana abin kunya.

Ƙungiyarmu ta samu tallafin koyar da sana'a, ɗinki da gyaran waya da haɗa sabulu. A da da takarda muke rajista, kullum sai rigima, wani ya rubuta sunansa sau biyu, wani a ce an sa shi don ɗan'uwan wane ne. Sai muka ce a wannan karon manhaja za a yi. Wani abokina da muka yi jami'a tare ya karɓi aikin.

To ga yadda yake aiki. Kafin a rubuta ko layi ɗaya na manhajar, sai ya sa AI guda ta tsara masa taswirar aikin: me za a fara, wane bayani za a ajiye, a ina, ta yaya za a gwada. Daga nan wani ɗan tsari da ya haɗa zai tura taswirar kai-tsaye ga wasu guda biyu na kamfanoni daban. Kun dai san su, ChatGPT na OpenAI, Claude na Anthropic, Gemini na Google. Kowacce ta duba ba tare da ta ga abin da ɗayar ta ce ba, ta jero kurakurai, a mayar wa ta farko ta gyara, a sake zagayowa har sai ƙorafi ya ƙare.

Gaskiya abin ya burge ni. Ɗaya ta gano ba a tanadi kwafin ajiya ba, idan rumbun bayanan ya lalace shi ke nan. Ɗaya ta ce za a ajiye kalmar sirri a fili, duk wanda ya kutsa ya kwashe. Aka kuma gano idan mutum biyu suka danna a lokaci guda, za a iya ba su gurbi ɗaya. Duk wannan cikin 'yan mintuna, tun ba a ɓata kuɗi da lokaci ba. Gyara a takarda ai ya fi rushe gini sauƙi.

Amma akwai wani layi a taswirar: lambar waya ɗaya, mutum ɗaya. Duka ukun suka amince da shi, har aka yaba cewa zai hana maguɗi. Ni ma na ji daɗi.

Saura kwana biyu a buɗe rajista muka zauna da masu sa kai. Wata dattijuwa da ke haɗa mana kan mata ta saurara har ƙarshe, sai ta ce, "Ɗana, a gidan da ke maƙwabtaka da ni, uwa da 'ya'yanta mata uku da wayar maigidan suke amfani. Wa za ku ɗauka, wa za ku ce ɓarauniya ce?" Wallahi ɗakin ya yi tsit. Na ce, "Inna, ba mu yi wannan tunanin ba." Da an buɗe a haka, matan da aka nemo tallafin dominsu su manhajar za ta fara kora, kuma ba wanda zai sani, don a allo za a ga kamar maguɗi aka toshe.

Me ya sa duka ukun suka tsallake wannan? Saboda kusan makaranta ɗaya suka yi. Daga rubuce-rubucen intanet aka horar da su, mafi yawa na Turanci, daga wuraren da kowa ke da wayarsa. Idan ɗalibai uku suka yi karatu wajen malami ɗaya, inda malamin bai kai ba su ma ba za su kai ba.

Kuma wannan ba sabon abu ba ne. A 1986 wasu masana biyu a Amurka, John Knight da Nancy Leveson, sun sa aka rubuta manhaja iri ɗaya har sau 27, kowa shi kaɗai, aka gwada su sau miliyan ɗaya. Sai ga shi suna yin kuskure a wuri guda fiye da yadda sa'a kawai za ta kawo. Mutane ke nan fa, balle na'urorin da suka sha daga rijiya ɗaya.

Don haka shawarata ga matasanmu masu wannan sana'a: ku yi amfani da su, kada ku ji kunya. Amma ku rubuta musu halin mutanen da za su yi amfani da manhajar, rashin sabis, wayar aro, wanda bai san ranar haihuwarsa ba. Abin da ba ku faɗa musu ba, da wuya su tambaya. Inda suka saɓa wa juna, ku tsaya ku duba da kanku. Inda kuma suka yi ittifaƙi a kan abin da ya shafi mutane, ku kai shi gaban mutanen. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu dai mun gyara. Yanzu lamba ɗaya tana ɗaukar mutum huɗu, sannan wakilin unguwa ya tantance su ido da ido. Abokina kuwa ya ƙara mataki ɗaya a tsarinsa: bayan ukun sun gama, sai a karanta wa Inna da Hausa.

Idan irin wannan ta taɓa faruwa da ku, ku ba mu labari. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.