Jawabi ga Rassan Tasawa da Mayahi a kan Kuɗin Karatun Likita

Ya ku iyayenmu da 'yan'uwanmu talakawa.

Maganar da ta tara mu yau ita ce: wa zai karanta aikin likita, kuma wa zai biya masa? Zamanin Nasara, wanda ke so ya zama dokta sai ya tafi Dakar, makarantar da aka buɗe a 1918. Yanzu ga makarantun ENSP na gwamnati a Yamai da Damagaram, masu horon anfarmiye da ungozoma. Ga kuma sashen likitanci a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, nan Maraɗi. Makaranta ta zo kusa, amma ɗan manomin Korgom ko Kanan Bakashe har yanzu ƙofa ba ta buɗe masa sosai ba.

Me ke tare shi? Na ɗaya, takarda. Ba a karɓar dosiye sai da takardar haihuwa da ta ɗan ƙasa, ga shi yara da yawa a gida aka haife su, ba a rubuta su ba. Na biyu, burabe ko bak, kuma 'yan mata da yawa ana cire su daga lakwal kafin su kai nan. Na uku, kuɗi. Hukumar ANAB ke raba burs, ba kowa ke samu ba, karatun dokta kuwa shekara 7 ne ko fiye. Wanda bai samu ba, sai makarantar kuɗi, sai uba ya sayar da sa ko ya ba da gona jingina.

To, ku duba. Tun 2006 aka ce magani kyauta ne ga yara 'yan ƙasa da shekara 5. Madalla. Amma kyauta ba ta allura da kanta, sai da hannu. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashe shawara su riƙa ɗaukar ɗalibai 'yan karkara, don su ne suka fi komawa aiki karkara. Mu malaman lakwal mun san yaran nan, ba kwanya suka rasa ba.

Saboda haka ga aikin kowane reshe. Ku rubuta sunan duk yaron da ba shi da takardar haihuwa, ku raka ubansa wurin magajin gari ko kotu. Da kaka, kowane gida ya ba da damin hatsi a asusu, don kuɗin mota da abincin ɗalibanmu. Ranar kasuwa ku zauna da iyayen 'yan mata. Sa'an nan mu nemi gwamnati ta ware wa 'yan karkara rabonsu na burs, da sharaɗi su dawo su yi aiki a gida in sun gama.

Mace mai naƙuda a Urafan ba ta iya jira. Kowa ya koma reshensa ya soma. Allah ya taimake mu. Wassalam.