Jawabi Kan Sinadarin Moli Da Motocin Da Ke Hutun Shekara



Abin da zan yi magana a kansa yau ya shafi dukiyar jama'a da ke hannunku, watau taraktocin da ke aiki da damina su kwanta da rani, da manyan motocin da ba su tashi sai kaka ta yi, lokacin kwasar amfanin gona. An sha tambayarmu game da wani sinadari da 'yan kasuwa ke sayarwa cikin gwangwani, wanda ake zubawa a baƙin mai, suna cewa yana tsare inji daga lalacewa. Sunansa molibdinam daisalfaid, kanikawa kuwa moli suke ce masa.

Asalinsa dutse ne da ake haƙowa, mai kama da bakin fensir, har mutanen da suka ɗauka dalma ce. Sai a 1778 wani masani na ƙasar Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, ya nuna ba ita ba ce. Ƙarfe ne da farar wuta suka haɗu, suka jeru falle bisa falle kamar takardun littafi, kowane falle yana zamewa bisa ɗan'uwansa. Wannan santsi shi ne amfaninsa. A 1957 aka kafa kamfanin Liqui Moly a garin Ulm na Jamus domin sayar da shi.

To, ga dalilin da ya sa ake zancensa wajen motar da ta daɗe a ajiye. Idan inji ya yi wata biyar ko shida bai tashi ba, man da ke jikin ƙarafansa duk ya tsiyaye ya taru a gindi. Ran da aka tayar da shi, kafin famfo ya kai mai ko'ina, ƙarfe yana gugar ƙarfe kusan a bushe. Moli yakan liƙe jikin ƙarfe, saboda haka yana iya rage wannan guga, musamman a tsohon inji.

Amma fa akwai abubuwa huɗu da ya wajaba ku sani.

Na farko, moli ba ya narkewa cikin mai, gari ne mai laushi ƙwarai yana yawo ciki. Idan mota ta daɗe tsaye sai ya kwanta a gindi, kamar yadda ƙullu ke kwantawa cikin ruwa. Saboda haka kada a zuba shi ran ajiye mota. A zuba lokacin da tana cikin aiki, inji da ɗumi, bayan an girgiza gwangwanin sosai, domin ya sami zagayawa ya kama ƙarafa.

Na biyu, ba maganin tsatsa ba ne. Abin da ke cin inji a ajiye shi ne tsohon mai da ya tara toka da tsami, da kuma raɓar da ke taruwa ciki. Maganin wannan shi ne a juye tsohon mai kafin ajiya, a sake matacin mai, a zuba sabo, a bar inji ya yi zafi sosai, sa'an nan a kashe. Tayar da shi minti biyu kowane mako ɓarna ce, gama zafin bai isa ya kori laima ba.

Na uku, akwai inda ba a sa shi ko kaɗan. Babur da yawa kulocinsu cikin baƙin mai yake, idan moli ya shiga sai ya riƙa zamewa. Haka kuma taraktoci da yawa birkinsu yana cikin man giya. Wanda ya zuba moli can ya sa ran direba cikin haɗari.

Na huɗu, man zamani mai kyau ya riga ya zo da sinadaransa a gauraye, wani ma har da irin molin da ke narkewa, kuma yawancin masu ƙera motoci sun hana ƙara wani abu. Idan mota sabuwa ce, a bi littafinta. Idan tsohuwa ce aka ga ya dace, kada a wuce awon da aka rubuta, wanda yawanci kashi 3 zuwa 5 ne cikin 100 na man da ke ciki. Yawansa ba ya ƙara lafiya.

Malamai magatakarda, ga naku aikin. Moli yakan mai da sabon mai baƙi tun ran farko, don haka ido ba zai gane tsufansa ba, sai rubutu. Ku buɗe wa kowace mota shafi, ku rubuta ran da aka juye mai, da irin da aka zuba, da ko an sa moli, da ran ajiya, da ran tashi. Ta haka ne za a san ko kuɗin da aka fitar ya shiga inji ko aljihu.

Ranku ya daɗe, ku kuma roƙonmu gare ku shi ne ku sa a duba taraktoci wata guda kafin ruwan fari. Taraktar da ta ƙi tashi ran da ƙasa ta jiƙa, ba direba kaɗai ta cuta ba, har da talakawan da suka biya kuɗin huɗa suna jira, shuka kuwa ba ta jiran bakanike. Sabon mai kan lokaci, da matacin iska mai tsabta saboda ƙurar hunturu, da inuwa, da cire wayar batir, su ne tushe. Moli ƙari ne kurum, ba ya gyara injin da ya riga ya ci kansa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara muku lafiya da adalci. Wassalam.