Jini a Bakin Aska: Ƙanjamau da Tsaftar Kayan Aiki a Shagunan Aski da Kwalliya



Gabatarwa

Binciken ƙanjamau na ƙasa (NAIIS) na 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da ƙwayar HIV a Najeriya. Ba a gane mai ita da ido, kuma yana zuwa aski da kitso kamar kowa, haƙƙinsa ne. Dokar hana tsangwama ta 2014 ta kare shi. Don haka wannan takarda ba a kan wanda ya zauna a kujera take ba, a kan ƙarfen da aka ɗora masa ne.

Inda haɗarin yake

Ƙwayar ƙanjamau ba ta bin gumi, ko gashi, ko mataji. A shago jini ne hanyarta, kuma ba ta daɗewa da ƙarfinta in jinin ya bushe. Ko ma'aikacin asibiti da allurar mai cutar ta soka, kusan uku cikin 1,000 ne ke kamuwa. Haɗarin ƙarami ne, amma akwai shi.

Abokiyar tafiyarta ta fi ta naci. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin kwana bakwai da rai a busasshen jini, kuma sukar allura ɗaya na iya harbin har mutum 30 cikin 100. Duk shagon da ya tsare kansa daga ciwon hanta, ya tsare kansa daga ƙanjamau.

Mu dubi wuraren da jini ke fita: rezar gyaran fuska, kilifa a kan mai ƙuraje ko makero, almakashin mai yankan farce da ke yawo daga tasha zuwa kasuwa, kankare kaushi, huda kunne, da ƙaho. Sau da yawa yankan ƙanƙane ne, mai shi ma bai ji ba.

Abin da ba ya tsarkake ƙarfe

Shafa kalanzir, goge bakin aska da tsumma, ko gilma wutar laita na ɗan lokaci, duk kwantar da hankali ne kawai.

Shawarwari

1. Reza ɗaya, mutum ɗaya. A fasa sabuwa a gabansa, a jefa tsohuwar cikin gwangwani mai murfi.
2. A fara wanke ƙarfe da sabulu, sannan a tafasa shi minti 20, ko a jiƙa shi minti 10 a ruwan Jik mai ƙarfin 3.5 cikin 100: kofi ɗaya a kofi shida na ruwa. A ɗauraye, a shanya.
3. Bakin kilifa a karkaɗe shi da buroshi, a jiƙa shi da sifirit mai ƙarfin 70 cikin 100.
4. Masu sana'a su yi allurar rigakafin ciwon hanta, su rufe rauninsu da filasta.
5. Wanda ƙarfe mai jinin wani ya yanka ya wanke wurin, ya je asibiti kafin awa 72. Akwai maganin kariya na kwana 28.

Kammalawa

Tun daga askin suna Bahaushe ke miƙa wa wanzami kan ɗansa, bai taɓa neman takarda ba, amana ce. An ce wanzami ba ya son jarfa. To, wannan ne ma'aunin: askar da ba za ka yarda a ɗora wa ɗanka ba, kada ka ɗora wa ɗan wani.